Daga Aji Zuwa Majami'a: Samuel Ajayi Crowther, Malamin Makaranta Kuma Limamin Kirista, 1822-1891

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kalma ɗaya gare shi ga mai koya wa yara karatu da mai yi wa manya wa'azi, watau malam. A al'adarmu ba baƙon abu ba ne mutum ya shekara talatin yana zaune a zaure tsakanin almajirai da alluna, sa'an nan idan girma ya kama shi jama'ar unguwa su miƙa masa limanci. Ba wanda zai ce ya sauya sana'a, don kuwa aiki ɗaya ne ya yi gaba. A Ingila ta ƙarni na goma sha tara kuwa al'amarin ya sha bamban. Limancin Cocin Ingila galibi na waɗanda suka fito daga jami'o'in Oxford da Cambridge ne, shi kuwa malamin makarantar ƙauye matsayinsa na ƙasa ne, da wuya ya haye zuwa mumbari. Da Ƙungiyar Mishan ta Cocin Ingila, wadda aka kafa a 1799 kuma aka fi sani da C.M.S., ta fara aiki a Afirka ta Yamma, sai wannan bambanci ya haɗu da na launin fata. Tambayar da ta taso ita ce: shin malamin makaranta baƙar fata zai iya zama limami, har ma ya shugabanci limamai?

Wannan takarda za ta bi rayuwar mutumin da aka fara gwada amsar tambayar a kansa a ƙasar da ta zama Nijeriya, watau Samuel Ajayi Crowther. Yawancin masu ambatonsa suna farawa ne da cewa shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a Cocin Ingila. Abin da nake so in jawo hankalin mahalarta wannan taro a kai shi ne, mutumin ya shekara fiye da goma yana koyarwa kafin a naɗa shi limami, kuma bai ajiye ɗabi'ar malamin makaranta ba har ya mutu. Da ita ya ci nasarorin da ya ci, ta nan kuma abokan hamayyarsa suka sami kafar kayar da shi. A ƙarshe za mu ga yadda wannan tarihi ya taɓa ƙasar Hausa da rubutun bokon Hausa.

2.0 Asali da Bauta

An haifi Ajayi wajen shekarar 1809 a garin Osogun na ƙasar Yarabawa, cikin Jihar Oyo ta yanzu. Ya taso ne daidai lokacin da daular Oyo take wargajewa, musamman bayan tawayen Afonja a Ilori a 1817, wanda bayi Hausawa da yawa suka gudu daga iyayen gijinsu suka shiga. A farkon 1821 mahara suka auka wa Osogun suka ƙone shi. A labarin da Ajayi ya rubuta da hannunsa a 1837 ya ce maharan sun ƙunshi Musulmin Oyo da Fulani da bayin da suka tsere wa masu su. Aka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka raba su, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu, har ya faɗa wajen fatake 'yan Fotugal a Ikko.

A watan Afrilu na 1822 jirgin da aka loda su a ciki ya tashi, amma bai yi nisa ba jiragen yaƙin Ingila masu farautar jiragen bayi suka tare shi. A watan Yuni na shekarar aka sauke Ajayi a Freetown ta ƙasar Saliyo, inda Ingila take tsugunar da bayin da aka ƙwato a teku. Aka kai shi ƙauyen Bathurst, hannun wani malamin makarantar C.M.S. mai suna Thomas Davey da matarsa. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Ingilishi, ya kuma koyi aikin kafinta. Ranar 11 ga Disamba 1825 John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, wani limami na Landan kuma ɗan kwamitin C.M.S. A 1826 Davey ya tafi da shi Ingila, ya yi 'yan watanni a wata makaranta a unguwar Islington. Da ya komo a 1827 sai ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta sunansa a sabuwar makarantar Fourah Bay, wadda aka buɗe don horar da malamai da ma'aikatan mishan.

3.0 Shekarun Koyarwa a Saliyo

Kafin a fahimci matsayin Crowther sai an san tsanin da C.M.S. ta kafa wa ma'aikatanta baƙaƙen fata. Yaro mai ƙoƙari akan ɗora shi ya riƙa biya wa 'yan'uwansa karatu. Daga nan ya zama mataimakin malami, sa'an nan malamin makaranta. Idan an yaba da halinsa sai a ba shi aikin katikis, watau mai koyar da tushen addini da jan addu'a inda babu limami. Matakai biyu na sama, na dikin da na cikakken limami, su ne ake yi wa naɗi da hannun bishop, kuma a wancan lokaci kusan duk Turawa ne a kansu, da yawansu ma Jamusawa ne da aka horar a Basel. Ke nan aji shi ne ƙofar shiga, amma yawancin masu shiga a nan suke tsufa.

Crowther ya hau wannan tsani daki-daki. Ya koyar a ƙauyen Regent daga 1830, sa'an nan a Wellington daga 1832, tare da matarsa Asano, wadda aka raɗa wa Susan, ita ma 'yantacciyar baiwa ce kuma malamar makaranta. A 1834 aka komo da shi Fourah Bay ya zama mai koyarwa a inda ya yi ɗalibta. Yana koyarwa yana kuma ƙarin karatu, har ya sami rabo a harshen Girka da Latin. Haka kuma yana cikin waɗanda suka taimaki Raban wajen tattara kalmomin Yarbanci, waɗanda aka buga a ƙananan littattafai tsakanin 1830 da 1832. A nan ya fara sanin wahalar da ke cikin sanya harshen da ba a taɓa rubutawa da baƙaƙen Rumawa ba a kan takarda.

Akwai wani abu da ya same shi a waɗannan shekaru wanda shi da kansa ya ba da labarinsa a littafinsa na ƙarshe, wanda aka buga a 1892 bayan mutuwarsa. Wata rana ya ga wani ɗalibinsa ɗan Musulmi da laya a wuya, sai ya yanke ta, ya ce ya mai da ita gida. Uban yaro ya zo a fusace. Crowther, da zafin ƙuruciya, ya nemi a tara dattawan Musulmi a yi muhawara. Ya zo da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Ingilishi, ya jera hujjojinsa, su kuwa dattawa suka tsaya a kan cewa Allah ba shi da ɗa. Aka tashi kowa na kan bakansa. Darasin da ya ɗauka shi ne, gardama ba ta koyar da kowa kome. Za mu ga amfanin da ya yi da wannan darasi bayan shekaru masu yawa a fadar Ilori.

4.0 Tafiyar Kwara ta 1841 da Naɗin Limanci

Abin da ya fitar da Crowther daga aji ya taso ne daga siyasar Ingila. Thomas Fowell Buxton, jagoran masu yaƙi da cinikin bayi, ya kawo shawarar cewa tare jirage a teku ba zai kashe cinikin ba, sai an shiga cikin ƙasa an ƙulla yarjejeniya da sarakuna, an kafa noma da halattaccen ciniki. Gwamnati ta yarda, ta aiko da jirage uku a 1841 su bi Kogin Kwara. C.M.S. ta sa mutum biyu a ayarin: James Frederick Schön, limami Bajamushe wanda ya fara koyon Hausa da harshen Ibo a bakin 'yantattun bayi a Saliyo, da kuma Crowther, wanda har lokacin malami ne kuma katikis. Ɗaya daga jiragen ya kai har Egga a ƙasar Nufe, an kuma yanki fili don gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lakwaja take a yau. Amma zazzaɓi ya kashe kimanin Turawa arba'in daga cikin kusan 150, tafiya ta watse.

Wannan asara ce ta buɗe wa Crowther ƙofa. Schön ya shawarci C.M.S. cewa aikin cikin ƙasa sai 'yan Afirka, ya kuma yaba da Crowther ƙwarai. Da aka buga rahoton tafiyar na su biyu a 1842, masu karatu a Ingila suka ga rubutun malamin makarantar nan bai kasa na limamin ba wajen lura da tsari. Aka kira shi Landan, ya yi karatu a kwalejin C.M.S. ta Islington, Bishop Blomfield na Landan ya naɗa shi dikin a watan Yuni na 1843, sa'an nan cikakken limami a watan Oktoba. Yana da kimanin shekara talatin da huɗu. Ya kamata mu lura a nan cewa cancantarsa ta riga ta bayyana tun yana Fourah Bay. Mutuwar Turawa ce ta sa aka dube ta.

Bayan naɗin ya komo Saliyo, ya fara wa'azi da Yarbanci a Freetown a farkon 1844. A 1845 ya sauka Badagry tare da Henry Townsend da C. A. Gollmer, a 1846 kuma shi da Townsend suka shiga Abekuta, inda ya sake saduwa da mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara ashirin da biyar.

5.0 Malami Cikin Rigar Limami

Hanyoyi uku ne ɗabi'ar koyarwa ta bayyana a aikinsa na limanci.

Ta farko ita ce harshe. A shekarar da aka naɗa shi, 1843, ya fitar da littafin kalmomin Yarbanci, a 1852 kuma ya faɗaɗa shi ya haɗa da nahawu. Ya dage a kan sai an riƙa sa alamar karin sauti a rubutun Yarbanci, domin ya san inda ɗalibi yake tuntuɓe idan babu ita. Mu da muke fama da maganar tsawon wasali da karin sauti a rubutun Hausa mun san nauyin wannan mataki. Ya yi littafin koyon karatu na harshen Ibo a 1857, na Nufanci a 1860, da nahawu da kalmomin Nufanci a 1864. Shi ne ginshiƙin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, wadda aka kammala a shekarun 1880. Wajen zaɓen kalmomi yakan zauna da dattawa, masu addinin gargajiya da Musulmi, ya saurari yadda suke magana. Alal misali, kalmar da ya zaɓa wa limamin Kirista ita ce alufa, wadda Yarabawa suke kiran malamin Musulunci da ita. Da gobara ta cinye gidansa a Ikko a 1862, abin da ya fi yi masa ciwo shi ne takardun kalmomi da karin magana da ya shekara da shekaru yana tarawa.

Ta biyu ita ce sa makaranta a gaba. Ya sake bin Kwara da Binuwai a 1854 tare da Dokta William Baikie, tafiyar da aka yi amfani da kwinin ba a rasa rai ko ɗaya ba. A 1857 suka koma, ya ajiye J. C. Taylor a Anaca ya buɗe tashar mishan, jirginsu kuma ya fashe a kan dutse kusa da Jebba, suka daɗe a ƙasar Nufe. Daga nan aikin Mishan ta Kwara ya kafu, kuma ma'aikatanta duk baƙaƙen fata ne, galibi daga Saliyo. Duk inda ya sauka, a Anaca ko Gbebe ko Lakwaja ko Bonny ko Brass, makaranta yake fara nema wa fili. A Bonny, inda Sarki William Pepple ya gayyace shi a 1864, an yi yarjejeniya cewa sarki da manyan gari za su ɗauki rabin kuɗin aikin. Abin da attajiran Bonny suke so shi ne 'ya'yansu su iya Ingilishi da lissafin awon manja. Crowther bai raina wannan buƙata ba. Ya karɓi yaran a kan abin da iyayensu suke so, ya ƙara musu da abin da shi yake so.

Ta uku ita ce zamansa da Musulmi. Mutumin da Musulmi suna cikin waɗanda suka kama shi bawa, shi ne ya fi kowane ɗan mishan na zamaninsa iya zama da sarakunan Musulmi. Ya yi hulɗa mai tsawo da Etsu Masaba na Bidda da waɗanda suka gaje shi, yana kai musu ziyara, yana ba da kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, yana kuma hana ma'aikatansa zagin addinin mutane. A 1872 ya biyo ta Ilori, aka yi masa tambayoyi a gaban sarki da malamai game da Annabi Isa. Bai ja gardama ba. Kowace tambaya sai ya buɗe littafi ya karanta abin da ke rubuce da Yarbanci, ya fara da labarin zuwan Mala'ika Jibrilu wajen Maryamu, wanda ya san masu sauraronsa sun san shi. Aka rabu cikin mutunci. A tsakiyar shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika masa da wasiƙa da Hausa, yana kiransa uba, yana roƙon ya isar wa Sarauniyar Ingila cewa barasar da fataken Turawa suke kawowa tana lalata ƙasarsa. Sarkin Musulmi ya nemi bishop ya zama bakinsa a kan maganar giya: wannan amana ba a rana ɗaya aka gina ta ba.

6.0 Bishop da Raunin Tsarinsa

Henry Venn, sakataren C.M.S. daga 1841 zuwa 1872, yana da ra'ayin cewa aikin ɗan mishan na wucin gadi ne, manufarsa ita ce a sami ikkilisiya ta 'yan ƙasa mai riƙe kanta da kuɗinta, mai mulkin kanta, mai yaɗa kanta. Shi ne ya matsa a naɗa Crowther bishop. Townsend, abokin aikinsa a Abekuta, ya yi adawa, yana cewa Turawa ba za su zauna ƙarƙashin baƙar fata ba, kuma 'yan ƙasa ma sun fi girmama Bature. Crowther kansa ya yi ta nuna ba ya so. Duk da haka ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi a babbar majami'ar Canterbury, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Amma an yi wa naɗin dabara: yankinsa shi ne ƙasashen Afirka ta Yamma da ke wajen mulkin Sarauniya, Turawan mishan na Ikko da Abekuta kuwa aka bar su ƙarƙashin bishop Bature na Saliyo. A aikace dai Kwara kaɗai aka ba shi.

Gaskiyar tarihi ta wajabta mu faɗi raunin aikinsa. Yana zaune a Ikko, ba ya iya zagaya tashoshinsa sai ruwa ya kawo, kuma sai ya sami gurbi a jirgin fatake. Da yawa daga ma'aikatansa masu ƙaramin ilmi ne, albashinsu kaɗan, sun yi nisa da gida, waɗansu suka shiga ciniki, waɗansu aka same su da laifin lalata. Mafi muni shi ne mutuwar wata yarinya a Anaca a 1877 sakamakon dukan da waɗansu 'yan Saliyo masu alaƙa da mishan suka yi mata, maganar da ta kai har majalisar Ingila. Crowther yana da saurin yafewa. Idan ma'aikaci ya yi laifi yakan yi masa faɗa, ya sauya masa wuri, ya ba shi dama ta biyu, kamar yadda malami yake yi wa ɗalibin da yake sa ran zai gyaru. Maganin da ya gani ga matsalar shi ma na malami ne: ya gina makarantar horar da ma'aikata a Lakwaja a shekarun 1880, don a daina dogara ga Saliyo, a reni 'yan Kwara su koyar da 'yan'uwansu.

A halin nan kuwa zamani ya juya masa baya. Venn ya mutu a 1873. Kwinin ya sa Turawa sun daina tsoron kogin. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila a 1879, ya sami takardar izinin mulki ta Kamfanin Kwara a 1886, ya kuma matse fatake baƙaƙen fata 'yan Saliyo da Ikko, waɗanda su ne 'yan'uwa da magoya bayan ma'aikatan Crowther. A 1878 C.M.S. ta aiko da jirgin ruwa don aikin mishan, amma ta danƙa shi da harkar kuɗi a hannun Bature. Rahoton bincike na J. B. Wood a 1880 ya ɗora wa ma'aikatan zarge-zarge masu nauyi, ba a kuwa nuna wa waɗanda ake zargi cikakken abin da aka rubuta a kansu ba. Sannu a hankali iko yana zamewa daga hannun bishop.

7.0 Rikicin 1890

A 1890 wani rukunin samarin Turawa ya iso Kwara. Biyu daga cikinsu, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, su ne jagororin ayarin da ya sauka Lakwaja da nufin shiga ƙasar Hausa. Ra'ayinsu game da aikin bishara ya saɓa da na Crowther tun daga tushe. A ganinsu makaranta da koyar da sana'a da zuwa fadar sarakuna duk ɓata lokaci ne da cuɗanya da duniya, abin da ake bukata shi ne wa'azi kai tsaye da tuba nan take. Suka sa riguna da rawuna irin na Hausawa, suka ce sun yafe kariyar gwamnatin Ingila. Suka soke sunayen mutane da yawa daga rajistar majami'ar Lakwaja, aka rufe makarantar horar da ma'aikata, aka sayar da gininta.

A watan Agusta na 1890 kwamitin kuɗi na mishan ya zauna a Anaca, Crowther na shugabanta. Sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa, har da ɗansa Dandeson Crowther, wanda yake babban dikin na yankin bakin teku, duk a gaban idon tsohon. Mutumin da ya haura shekara tamanin, wanda ya fara koyarwa tun ba a haifi iyayen waɗansunsu ba, ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1891, ya mutu a Ikko ranar 31 ga Disamba na shekarar.

Masana tarihi irin su J. F. Ade Ajayi da E. A. Ayandele, a littattafansu na 1965 da 1966, sun nuna rawar da wariyar launi da sabon zamanin mulkin mallaka suka taka a wannan rikici, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Abin da zan ƙara shi ne, rikicin ya kuma kasance tsakanin fahimta biyu ta aikin addini. Ɗaya ta mai wa'azi ce da yake son ganin sakamako yau. Ɗaya kuma ta malami ce wanda ya san cewa sai an yi shekaru ana maimaita darasi kafin ya zauna, kuma ba a korar aji duka don waɗansu sun faɗi jarrabawa. Laifuffukan da samarin suka gani akwai na gaskiya a ciki, amma maganin da suka kawo ya rushe abin da aka shekara talatin ana ginawa.

Sakamakon ya daɗe. Majami'un bakin teku suka kafa ƙungiyarsu mai cin gashin kanta a 1892 ƙarƙashin Dandeson. C.M.S. ta naɗa Bature, J. S. Hill, ya gaji Crowther, bayansa kuma Herbert Tugwell a 1894. 'Yan Afirka aka tsayar da su a matsayin mataimakan bishop: Isaac Oluwole da Charles Phillips a 1893, James Johnson a 1900. Abin lura, Oluwole ya shugabanci makarantar sakandaren C.M.S. ta Ikko daga 1879 zuwa 1893, makarantar da surukin Crowther, T. B. Macaulay, ya kafa a 1859, Johnson kuma ya koyar a Freetown kafin naɗinsa. Sai a 1952 aka sake ba ɗan Nijeriya cikakken riƙon yanki a wannan coci, kuma cikin waɗanda aka ba akwai A. B. Akinyele na Badun, wanda ya kafa makarantar sakandaren Badun a 1913 ya shugabance ta shekara ashirin. Watau tsanin nan daga aji zuwa majami'a bai karye ba, an dai toshe matakinsa na ƙarshe har shekara sittin.

8.0 Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Ayarin Brooke da Robinson bai wuce Lakwaja da ƙasar Nufe ba. Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiya ta nazarin Hausa a Ingila, wadda ta turo ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, ya kai Kano a ƙarshen 1894, ya kuma fitar da ƙamusunsa na Hausa a 1899 da 1900. Kafin shi, Schön, abokin tafiyar Crowther na 1841, ya riga ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885, ukun ƙarshen nan da taimakon Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. Ke nan tushen rubutun Hausa da baƙaƙen boko yana da jijiya a tafiyar da ta mai da Crowther limami, yana kuma da wata jijiyar a rikicin da ya kawo ƙarshen aikinsa.

A 1900 Tugwell ya jagoranci ayari zuwa Kano ba tare da gayyata ba, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Wanda ya dawwama daga cikinsu shi ne Dokta Walter Miller, wanda ya zauna Zariya daga 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa. Abin da ya sa sunan Wusasa ya tsaya a tarihin Arewa kuwa shi ne makaranta da asibiti da aikin fassara, wanda ya kai ga fitowar Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Daga wannan makaranta aka sami mutane irin su Dokta R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu da Janar Yakubu Gowon. Hanyar da samarin 1890 suka raina, ita magadansu suka komo suka bi.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda yaron da aka ƙwato daga jirgin bayi a 1822 ya zama ɗalibi, ya zama malami, ya zama limami a 1843, ya zama bishop a 1864, ya kuma mutu cikin baƙin ciki a 1891. Mun ga cewa aikinsa na harshe, da sa makaranta a gaba, da haƙurinsa da masu wani addini, har da sassaucin da aka zarge shi da shi, duk daga aji ya ɗauko su. A 2005 aka buɗe jami'a mai sunansa a Oyo, a harabar tsohuwar kwalejin horar da malamai ta C.M.S. A 2014 kuma, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Justin Welby, wanda yake shugaban Cocin Ingila a lokacin, ya bayyana nadamar cocin a kan yadda aka wulaƙanta shi.

Shawarata ga masu nazarin tarihin ilmi a cikinmu ita ce, mu riƙa bin sawun shekarun koyarwa na shugabannin addini, Musulmi da Kirista, kamar yadda muke bin sawun shekarun shugabancinsu. Marubuta tarihin rayuwa sukan tsallake waɗannan shekaru da layi biyu, alhali a cikinsu ne mutum yake koyon yadda zai yi da wanda bai gane ba, da wanda ya yi kuskure, da wanda ya ƙi yarda da shi. Haka kuma takardun Crowther da na ma'aikatansa game da Bidda da Egga da Lakwaja da Ilori, waɗanda ke ajiye cikin kundin C.M.S. a Jami'ar Birmingham, sun cancanci a karanta su kafaɗa da kafaɗa da rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman waɗannan garuruwa, domin a ji labarin daga bakin ɓangarorin biyu.